Shafi na Tara

Daren Talata ruwa ba ya fashi a wannan kwari na Wales,
mu ma ba ma fashi.
Mukan haura tudu da lema a karye,
mu shige ɗakin bayan coci
inda na'urar ɗumama ɗaki ke tari
kamar tsohon mai fasa dutse.

Mu talatin da ɗaya ne, in Nesta ta sami mai zama da jikokinta.
Akwai mahauci, akwai direban bas,
akwai likitan tumaki mai zuwa da warin garke a rigarsa.
Ni kuwa yini nake ƙirga ƙwayoyi a kantin magani,
da dare in zo a ƙirga mini numfashi.

Tegwen ce ke riƙe da linzaminmu.
Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi,
har yau in ka kauce, gira take ɗagawa, ba murya ba.
Piyanonmu yana da mataccen haƙori guda,
mun san shi, muna tsallake shi kamar ramin hanyar gida.

Waƙar da Latin take, ta girmi kakan kakanmu.
Rabin abin da muke faɗa ba mu jin sa,
amma baki ya saba,
yadda ƙafa ke sanin matakala cikin duhu.
A shafi na tara akwai inda mai tsara ta ya ce
kowa ya kame bakinsa.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
sannan a shigo.

Idwal bai taɓa kaiwa huɗu ba.
Shekara ashirin da biyu a uku yake faɗowa
da muryar nan tasa ta ƙasan rijiya,
shi kaɗai, kamar sa ya tsinke igiya.
Tegwen ta kewaye masa wurin da jan fensir,
ta zana ido, ta rubuta JIRA da manyan baƙaƙe.
Sai ya ce, "Ai na jira. Ku ne kuka makara."

Bara ya fara neman motarsa inda bai ajiye ta ba.
Ya kira 'yarsa da sunan matarsa.
Da ganye ya soma zuba, kujerarsa ta koma jikin bango,
shirun shafi na tara ya cika huɗu cif,
tas, ba tabo.
Ba wanda ya ce ya ji daɗinsa.

Asabar ɗin ƙarshen Nuwamba muka fito gaban jama'a.
Tikiti fam biyar, har da shayi, kuɗin na gyaran rufi ne.
Baƙaƙen kayanmu sun matse mu fiye da bara.
Masu sauraro duk namu ne:
mazaje, mata, surukai, da yaron da aka yi wa alkawarin alewa.
A layi na uku Eirlys ta zaunar da mahaifinta,
maɓallan kwat ɗinsa sun saɓa rami,
idonsa na kan fitila, ba kanmu ba.

Muka haye shafi bakwai lafiya.
Na takwas masu siririyar murya suka ɗan zame, suka miƙe.
Sai na tara.
Hannun Tegwen a sama, ɗakin ya ɗauke numfashi.
Ɗaya.
Ana jin ɗigon rufi cikin bokiti.
Biyu.
Uku,

sai rijiya ta buɗe daga layi na uku.
Kalmar daidai, muryar daidai, ko gargada babu.
Mutumin da ya manta hanyar gidansa
bai manta kuskurensa ba.

Na ga girar Tegwen ta motsa, ta fasa.
Ta saki hannu tun huɗu bai iso ba,
mu talatin da ɗaya muka afka bayansa,
wasu da hawaye, mahauci da majina,
muka bi shi har ƙarshen shafi.

Wajen shan shayi ya kamo hannun rigarta.
Bai san sunanta ba.
Ya ce, "Yarinya, yau kun zo kan lokaci."
Ta ce, "Mun yi ƙoƙari."
Ta ƙara masa sukari, cokali biyu, yadda yake sha.