Teburin Arzika

A ofishinmu na Tawa teburi biyu ne, fanka ɗaya.
Nawa yana gindin taga.
Na Arzika Tankari yana bakin ƙofa,
shi ke fara shan zafi, shi ke fara ganin mai shigowa.

Shekara goma sha ɗaya muna shan shayi a kofi guda.
Na san tarinsa.
Na san yadda yake lasar yatsa
kafin ya juya shafin rajista.

Wata Talata aka aike shi sito
ya ƙidayo geron tallafi.
Takarda ta ce buhu ɗari huɗu.
Ya ƙirga daga dama, ya sake daga hagu,
ya sa mai gadi ya haska masa lungu da tocila.
Ɗari biyu da sittin da uku,
ɗayan ma ɓera ya riga shi.

Ya dawo ya zauna, ko gumi bai share ba.
Ya ce, "Nomau, alƙalamina ya ƙi rubuta huɗu."
Na ce, "Alƙalami bawa ne, sai abin da hannu ya ce."
Ya ce, "To, hannun ne ya ƙi."

Na tuna masa 'ya'yansa biyar,
da kuɗin haya a Garkawa,
da allurar gyatumarsa ta kowane wata.
Ya ce, "Masu jiran geron nan a Bambaye,
su ma da gyatuma."

Ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu.
Ya turo mini takardar, in sa nawa a ƙasa.
Na ce bari in yi alwala in dawo.
Alwalar nan, jama'a,
sai da ta kai ni La'asar.

Masu bincike suka zo daga Yamai,
su uku, a farar mota, da jakunkuna.
Wa ya tarbe su a bakin gari? Mai gidanmu.
A ina suka sauka? Ɗakin baƙinsa.
Ragon wa aka gasa?
In baki ya ci, ido ya ji kunya.
Kwana biyu suka yi,
ƙofar sito ba ta ga takalminsu ba.
Rahoto ya ce kuskuren lissafi ne
na wani ƙaramin ma'aikaci.

Wata bai cika ba, sai ga takarda:
an mai da shi Tasara, wai don bukatar aiki.
Ba kora ba ce, in ji su.

Na raka shi tasha da asuba.
Katifa ɗaya, akwati ɗaya, iyali sai an ga hali.
Ya danƙa mini kofin, ya ce, "Riƙe, can ma ba za a rasa ba."
Bai zarge ni ba.
Da ma zagina ya yi.

Tun ranar nake tambaya,
ina mai awon da ba a gidan mai hatsi yake cin tuwo ba,
wanda albashinsa ba ya ratsa aljihun wanda zai auna?
Ina ƙofar da ƙaramin akawu zai ƙwanƙwasa
ba tare da sunansa ya riga shi komawa ofis ba?
Mun yi wa buhu rumfa kada ruwa ya taɓa shi,
mai ƙirga buhun mun bar shi a fili.

Yanzu kwalaye ne a kan teburin Arzika.
Fankar ta zama tawa ni kaɗai,
iskarta ba ta sanyaya ni.

Yau da hantsi ni aka aika sito.
Takarda ta ce ɗari biyar.
Na ƙirga daga dama, na sake daga hagu.
Mai gadi ya kawo tocila tun ban tambaya ba,
ya tsaya yana kallona.

Ga ni zaune, ga rajista a buɗe,
ga kofin, shayi ya huce.
Alwalata kuwa tana nan,
ba ta karye ba.