Tambaya ta Arba'in da Ɗaya

Rifkatu ce ta ba ni takardun,
kwafin kwafi daga wani shago a Jekadafari,
baƙin har ya koɗe, sai an ƙura ido
kafin a raba zanen jijiya da tsagar takarda.
Tambaya arba'in. Jibi za mu zauna jarrabawa.
Ni kam tun shekaranjiya nake zaune
a tabarma, ƙasan gadon Goggo Dudu,
ɗakin mata, gado na tara in ka shigo.

Ta ɗaya: ɗaki nawa ne a zuciyar ɗan Adam?
Na zagaye huɗu, biro bai ko tsaya ba.
Amma wannan da ke numfashi a samana
uku ta haifa, mu goma sha ɗaya ta raina.
To ina ta zuba mu?
A wanne na kwana shekara ashirin ban takura ba?

Ta bakwai: awon jinin mai lafiya.
Ɗari da ashirin bisa tamanin, kowa ya haddace.
Ɗazu nas ta zo, ta ɗaura, ta matsa, ta saki,
ta rubuta, ta juya katin don kar in gani.
Na iya karanta lamba ko a juye take.
Da ban iya ba, da tuni na yi barci.

Ta goma sha biyar: mene ne aikin ƙoda?
Tacewa.
Ita ta koya mini tata, ina 'yar shekara takwas,
ta riƙe bakin ƙyalle, ni ina zuba gasara,
tana cewa a hankali, ruwa ba ya son gaggawa.
Jakar da ke rataye a gefen gadon
tun la'asar ba ta ƙaru da ko cokali ba.

Wuta ta ɗauke. Janareta ya yi tari sau biyu, ya kama.

Shafin dabarun bincike na Malam Bappayo ne,
ina jin muryarsa ko da baƙin ya goge:
mutum guda ba ya zama hujja,
ki ɗebo da yawa, kuma ban da zaɓe,
sai an motsa tukunya ake ɗanɗana miya,
mai bincike ya tuɓe son rai a ƙofa kamar takalmi.
Malam, ni mutum guda gare ni.
Hasashena kuwa son rai ne zalla:
za ta tashi, za ta yi mini faɗa a kan kashe kuɗin kwafi.
Ka ja jan biro, na yarda.

Ta talatin da uku, halayyar ɗan Adam:
bambanta tuni gajere da mai daɗewa.
Ba ta san ko ta sha magani da magariba ba,
amma jiya ta jero mini shanun babanta a Dukku,
Wule, Saige, da wata mai karyayyen ƙaho
da ta ƙi tsallaka rafi shekarar da aka yi fara.
Wannan amsar ba za ta shiga layi biyu ba.

Ƙarfe uku da rabi gadon ya motsa.
Ta leƙo, ido rabi, muryar kamar ana jan tsintsiya:
ke, kin ci abinci?

A, na ci.
B, ba na jin yunwa.
C, sai kin warke.
D, duka ƙarya ne.

Na zaɓi A.
Ta dube ni yadda ba malamin da ya taɓa dubana,
ta nuna kwanon da haɓa.
Na buɗe. Tuwon ya sandare, miyar ta yi fata.
Na ci, tana ƙirga lomar da ido,
sai da na kai bakwai ta koma barci.

Na goge hannu a gefen zane,
na jawo takardun kusa da hasken waya.
Saura guda shida.
Maiƙo ya ɓata ta talatin da biyar.