Abin da Askata Ta Shuka

Kai goma sha ɗaya na aske ranar jajibere
a gindin tsamiya, gefen masu auna shinkafa a Auyo.
Aska ɗaya, tsumma ɗaya, ruwan kwano ɗaya.
Kowane yaro ya tashi kansa na ƙyalli kamar sabuwar tasa.

Ba a rufa sati uku ba
Tabawa ta jawo min Muntari,
ta ture hularsa da ɗan yatsa.
Ga fili nan, zagayayye kamar kwabo,
gashi ya kakkarye,
gefe ya yi furu-furu kamar an barbaɗa dusa.
Makero.
Sai ɗan Jatau, sai tagwayen mai faci.
Na ƙirga bakwai, na bar ƙirga.

Wata ta goga toka da lemun tsami.
Wani ya ɗiga man birki,
yaron ya kwana yana ihu, unguwa ta kwana tare da shi.

Malama Ladidi ta asibiti ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, "Baba Gwadabe, ka san funfunar
da ke hawa tuwon da ya kwana biyu a rufe?
Danginta ne.
Iri gare ta, ido ba ya gani.
In ta sami zufa da ɗumi sai ta kafa saiwa,
ta ci fatar sama,
ta shige silin gashi ta rarake shi
yadda gara ke yi wa rufin ɗaki.
Tsakiya ta ƙare, ta matsa gefe,
shi ya sa take da'ira."

Na ce, "To wa ya kai ta kawunansu?"
Ba ta amsa ba.
Zabirata kawai ta duba.

Ni da na gaji aska daga kakana,
ashe noma nake yi ban sani ba,
na yi shuka a gonar da ba tawa ba.

Yanzu kurfoti na zaune kusa da tabarmata,
aska sai ta tafasa kafin ta taɓa kai.
Yaran sun yi sati shida suna haɗiyar ƙwaya,
shafawa kaɗai ba ta kai can ciki.

Jiya Tabawa ta dawo da Muntari.
Gashin ya tsiro, sirara-sirara, kamar yabanya.
Ba ta gaishe ni ba.
Ta tsaya kan tukunyar
har sai da ta ga ruwan ya yi tafasa biyu.