Mai Riƙon Buta

A Bagalam, ƙofar gidan Alhaji Gonda,
inda bedi ya yi wa katanga rumfa,
benci biyu, tabarma mai ƙonannen gefe,
nan muke zama tun muna lakwal, tun yarinta.

Abarshi ne ke riƙon buta.

Ba wanda ya naɗa shi. Gawayin dai nashi ne,
kuma shi ya iya kumfa.
Bai da doka, bai da ƙararrawa.
In Labo ya ɗau zafi kan faɗuwar Naira,
jijiyar wuya ta tashi kamar igiyar guga,
sai Abarshi ya miƙa mai kofin farko,
mai ɗacin nan, saukowarshi ke nan daga wuta.

Wa ke zagi da tafasasshen shayi a hannu?
Kafin Labo ya hura, ya kurɓa, ya sake hurawa,
Nomau mai in'ina ya samu rata,
ya ja maganarshi kalma-kalma
kamar mai haye Gulbi tsakar damina,
mu ji abin da ya shekara bai furta.

Ban ce kullum adali ba ne.
Ƙanenshi Sanusi bai taɓa shan kofin ɗaci ba
ko ya shara ƙarya mai rassa.
Mun gani. Mun kau da kai don abota.

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, ya bi motar Jado,
ya bar mana murhu da marfi lotsattse.
Sai Tsahiru ya ce a rubuta.

Ya samo kwalin taliya, ya ja layi da bik:
Ban da siyasa. Ban da zancen malamai.
Ban da kokowa ran da aka kada namu.
Wanda ya katse wani, dala ashirin.
Ya kafe shi jikin bedi da ƙusa huɗu,
kowa ya zo sai ya tsaya ya karanta.

Wata bai ƙare ba aka kori Labo.
Mun ji daɗi, wallahi, kwana uku.
Sannan aka ci tarar Nomau,
wai ya wuce minti biyu.
Ya biya. Ya tada kabu-kabunshi ba sallama,
muka bi shi da ido har ƙurar ta kwanta.

Fada ta yi tsab kamar ɗakin likita.
Ina gajiya, ina gida, ya zafi, sai godiya.
Gwangwanin tara ya cika, benci ya yi fili,
har akuyar maƙwabta ta hau ta huta.

Da Tsahiru ya gaji, ya yage kwalin,
muka ce to, kowa sarkin bakinshi.
Labo ya dawo da mutum biyu daga tasha.
Sati bai cika ba aka ambaci uwar wani,
aka yi ƙwallo da murhu,
garwashi ya cinye ɗaya gefen tabarmar.
Alhaji Gonda ya leƙo da carbi a hannu:
“Ƙofa da yawa a garin nan. Ku nemi wata.”

Jiya bayan isha'i suka turo mani ita,
ni da ban iya kumfa ba.
Labo ya fara, muryarshi ta kai bakin kwalta.
Na zuba na farko, yana cin yatsuna.
Ga Labo. Ga Ma'azu mai zuga shi ƙasa-ƙasa,
Ma'azun da ke bi na jika biyu tun salla.
Kofi ɗaya ne, kuma yana hucewa.

Can ƙarshen benci wani sabon yaro,
ko sunanshi ban riƙe ba,
ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa,
yana kallon hannuna, yana kallon buta.