Aikin Dare a Kakuri

Ƙarfe ɗaya saura, janareta na tari,
ni da Malam Tanimu da shayin da ya huce,
muna tsintar kuskure kamar tsakuwa a shinkafa.
Shekara sha tara, wannan ne aiki.

Kanun gobe ya riga ya kwanta:
"Dattawa sun nemi sulhu."
Sai waya ta yi ƙara.
Tanimu ya miƙe tsaye, sai ka ce mai kiran na ganinsa:
"To, ranka ya daɗe. To. An gama."
Ya ajiye, ya dube ni, ko tsaki.

Muka cire sulhu, harafi biyar,
muka sa mai huɗu, har wuri ya ragu.
Da jan tawada: "Lokaci ya yi na yaƙi."
Hoton dattawan ya koma shafi na sha ɗaya,
ƙarƙashin tallan maganin basir da na taki.

Alhaji Barau ne mai jaridar.
Shi ne mai rediyon nan na Unguwar Rimi,
inda masana ke taruwa bayan la'asar
suna auna jinin 'ya'yan wasu da mudun baki.
Abin da ba ma bugawa:
tirelolinsa bakwai da ke kwana a Mando,
takalman soja, kifin gwangwani, man dizal
da kwangilar ɗinkin kaki.
In bindiga ta yi shiru wata guda
barci ya ƙaurace masa, ana ta kira daga banki.

'Ya'yansa uku na ƙasar sanyi,
suna turo hoto cikin ƙanƙara.
Ƙanena Isiyaku,
da ya gaji da benci a ƙofar matacciyar masaƙa,
ya karanta shafin da ni na gyara,
babu kuskure ko na wasali,
ya je ya sa hannu.
Takalmin da aka ba shi ya buɗe baki tun farkon damina.
Wata huɗu wayarsa a kashe.
Inna kullum sai ta share masa ɗaki.

Da asuba na tsallaka gada,
kogi na wucewa, ba ruwansa da kanu.
A Tudun Wada, Asabe mai ƙosai
ta yago shafin jiya ta ƙunsa mini na ɗari biyu.
Mai ya jiƙa takardar
har ina hango yatsuna ta cikin kalmar yaƙi.

Na cinye. Yunwa ba ta iya karatu ba.
Ƙarfe tara na dare zan koma aiki.