Ƙidayar Kifi a Bayan Geshere

Ruwan farko ya sauka daren Laraba,
da asuba muka ɗaure kaya.
Daga Geshere zuwa gindin dutsen
tafiyar awa uku ce, in gwiwa ba ta yi gardama ba.
Babur ya tsaya inda hanya ta ƙare.
Na saɓa koma da katakon awo,
Kyauta ta rungume littafin cikin leda biyu
kamar jaririn da ake gudun ya sha iska.

Wata huɗu aka ɗauke mu aiki,
daga shuka zuwa fitar kan dawa.
Takardar ta ce: ku ƙirga masu hawa.

Suna hawa kuwa.
Da rafi ya yi ja, ya cika bakinsa,
sai kawara ta taso daga babban kogi,
tarwaɗa na bin ciyawa da ciki cike da ƙwai,
kowa ya ba gangare baya
yana neman fadamar da aka ƙyanƙyashe shi.
Na ga wata ta daki dutse sau bakwai.
A na takwas ban gan ta ba,
ban san ko ta haye ko ta haƙura ba,
na bar layinta babu komai.

In kama, in shimfiɗa kan katako,
in faɗi tsawo, Kyauta ta rubuta,
in ɗan yanke gefen ƙege, in mayar.
Ƙurungu ya soke ni a babban yatsa,
har yau wurin yana sanar da ni hadari.

Baba Jatau yana zaune kan saiwar ɗinya,
yana gyaran gora, yana kallonmu.
Ya ce, tun da uwata ta haife ni
ban ga masunci irin ku ba:
a biya mutum ya kama, ya auna, ya saki,
ya koma bukka ya ci tuwo da miyar kuka tsura.

Mun yi dariya. Shi bai yi ba.
Ya nuna gaɓar da rana ke duka yanzu,
ya ce, nan ƙirya ce, can maɗaci,
inuwa tun daga nan har mashaya.
Duk sun tafi birni cikin buhun gawayi.
Ruwan da ke sa haƙori tsami
ga shi ya zama na wankan jego.

Na tsoma ma'aunin zafi.
Abin da ya faɗa, shi gilashin ya faɗa.

A tsohon littafi, rubutun wani Barau,
shekara goma sha ɗaya baya,
wannan gurbi, wannan mako: ɗari huɗu da sha biyu.
Ni na samu sittin da uku.
Na sake ƙirgawa don kunya.
Sittin da uku.

Takardar tana da gidan tsawo, gidan nauyi,
gidan zurfi da na launin ruwa.
Ba ta da gidan kwalbar maganin ciyawa
da na tsinta ta maƙale a saiwa,
ko laka mai kauri daga masu wankin kuza
da ta rufe tsakuwar da ƙwai ke kwanciya.
Na rubuta su a gefe, da ƙananan baƙaƙe,
wataƙila wani a ofishin Kaduna
zai karkata takardar ya karanta.

Dare a bukka: sauro, kwaɗi, fitila mai suma.
Waya sai an hau dutse take magana.
Kyauta tana shanya shafuka a bakin murhu.

Ranar da za mu naɗe tabarma,
ruwa ya fara ja da baya,
wata tarwaɗa ta faɗo koma,
gefen ƙegenta da tsohon yanka, ya warke.
Kyauta ta duƙa, ta daɗe tana dubawa,
ta ce, hannuna ne, bara.

Ta ƙaru da faɗin yatsa huɗu.
Na riƙe ta fiye da yadda aiki ya ce,
sanyinta na motsi a tafina,
har Baba Jatau ya yi gyaran murya
ya ce, yaro, sake ta, tana da sauran tafiya.