Amya Shida a Kamnik

Ƙwallo na so, aka ce gurbi ya cike.
Muhawara kuwa, harshena sarƙewa yake.
Sai Malama Vidmar ta miƙo mini hular raga:
"Zo, Lovro, ƙudan zuma ba sa tambayar maki."

Duk Laraba, in an kaɗa ƙararrawar tashi,
mu bakwai mukan zaga bayan ɗakin gwaji,
inda amya shida ke fuskantar tsauni
da ƙanƙara ba ta gama narkewa a kansa ba.

Brina ce mai hayaƙi.
Ni ke ɗaga saƙa, hannu na rawa.
Ranar farko aka harbe ni a kunne,
kwana uku ina sauraron lissafi da gefe guda.

Amma ni na fara hango sarauniya,
doguwa, da ɗigon shuɗi a gadon baya,
tana ratsa jama'arta ba gaggawa.
Malama ta ce, "Kana da ido."
Ba a taɓa ce mini ina da wani abu ba.

Ƙarshen zango muka tace kwalba arba'in.
Guda na kai wa babana gareji.
Ya lasa da yatsa mai baƙin mai,
ya yi shiru,
ya sake lasa.